Tambaya da Amsa: Ina so in maida labarin soyayyata gem

TAMBAYA: Salam Yaya, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, na jima ina rubuta nobel na soyayya ina sakawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, kwanan nan na ga irin gem ɗin nan na 'yan Japan da ake karanta labari da hotuna kina zaɓar abinda jarumar zata yi, wai bijuwal nobel. Wallahi ya shiga raina, ina so in yi namu da Hausa amma ban iya kodin ba ban iya zane ba, laftof ɗin ma ta yayana ce duk ta tsufa. Labarin nawa babi 70 ne. Zai yiwu kuwa? Ƙanwarka daga Daura.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Zai yiwu mana, sai dai babi 70 ɗin nan ki ajiye shi gefe tukuna, kar ki ji haushina.

Kodin da kike tsoro shine mai sauƙin cikinsu. Ki sauke Ren'Py, manhaja ce kyauta da ta fito tun 2004, a kan yaren Python aka gina ta, tsohuwar laftof ma tana ɗauka, kuma ko sayar da gem ɗin kika yi babu mai tambayarki ko kwabo. Tana zuwa da darasinta a ciki da wani ɗan gajeren gem na misali, ki buɗe ki ga yadda aka rubuta shi. Kalmomi kaɗan ne zasu riƙe ki, scene ta sa hoton wuri, show ta fito da mutum, menu ta ba mai wasa zaɓi, jump ta kai shi inda ya zaɓa. Ki dai kula da tazarar da ake bari a farkon layi, in layi ɗaya ya goce sai gem ɗin ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Inda ake shan wuya shine zaɓi. A nobel ke kaɗai ke jan akala, a nan kuwa duk inda kika ce "ta fita zance ko ta aiki ƙanwarta ta ce bata nan" to kin ɗora wa kanki rubutu biyu, in kika bar kowane zaɓi ya tsaga hanya sau 10 a jere kin tashi da hanyoyi 1,024, wa zai rubuta wannan? Dabarar ita ce hanyoyin su rabu kaɗan su sake haɗuwa, ke kuma kina tara maki a ɓoye. Ta amsa wayarsa, maki ɗaya, ta maido masa da kyautarsa, a cire ɗaya, sai a ƙarshe makin ya yanke yadda labarin zai ƙare.

Ni da nine ke zan yi ma'auni biyu, ɗaya na soyayya ɗaya na yardar gida, don a wurinmu saurayi da budurwa basa gama magana su kaɗai. A ce jarumar tana tsakanin ɗan baffanta da Baba ya yi wa alkawari da wani ɗan ajinsu a jami'ar Umaru Musa Yar'adua, abinda zai faranta wa saurayin rai shine zai ɓata wa Inna, ta ɓoye wa Goggo gaskiya ta samu kwana biyu na shaƙatawa amma ranar da magabatansa suka zo gaisuwa sai a ga makin gida bai kai ba. Mai wasa zai zauna ya yi tunani da gaske kafin ya danna, kuma wannan kin fi ɗan Japan sanin kansa nesa ba kusa ba.

Zane kuma ki yi lissafi tun yanzu, mutum 3 kowa da fuska 4 (murmushi, fushi, kunya, kuka) zane 12 kenan kafin a zo kan wurare. Wuraren ki ɗauka da waya, zaure, tsakar gida, wajen Kusugu, ƙofar fada, ki gyara kalar a manhajar zane irin ibisPaint ko Krita, kawai kar fuskar mutane ta fito ba da saninsu ba. Akwai zanen mutane kyauta a itch.io, wani shafin intanet da ake saka gem da kayan haɗa shi, amma ba zaki samu mai atamfa da mayafi ko mai kaftani da hula cikin sauƙi ba, gara ki nemi mai zane ku yi ciniki. Hoton 'yan fim da waƙoƙinsu kuwa kar ki taɓa, haƙƙin mallaka ne.

Wani abu da zai iya baki mamaki, in kika canja salon haruffa zuwa wani mai ƙyale-ƙyale sai ki ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, wanda Ren'Py ta zo da shi yana da su, ki gwada kowanne kafin ki ɗauka. Ki fara da labarin minti 20 mai ƙarshe biyu, ki ba ƙawayenki su buga a gabanki ki ga inda suke saurin dannawa don su wuce, nan ne rubutun ya yi tsawo. Kuma ki riƙa ajiye kwafi a filash, tunda laftof ɗin ba taki bace.

TAMBAYA: Malam in mutum ya gama ina zai sa shi, kuma nawa ake biya? Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: A itch.io kyauta ne, har a burauza ana iya bugawa. Google Play dala 25 ne sau ɗaya na buɗe asusu, Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, dala 100 a kan kowane gem. Mutanenmu dai waya ce a hannunsu, don haka ka fitar da na Android ka matse hotunan kada ya cinye musu data, sai dai ranar da zaka fara haɗa shi sai ka sauke Java da kayan Android masu nauyi, ka tanadi data da caji.