Likita ya rubuta CCF, eko ya nuna kashi 30: wace lamba zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen rekod na wani asibitin kuɗi a cikin birnin Kano. Wani dattijo mai hawan jini ya kwanta da haki da kumburin ƙafa. Likita ya rubuta CCF, wato gazawar zuciya, a folda, hoton zuciya na eko kuma ya nuna zuciyar kashi 30 cikin ɗari na jinin da ke cikinta take turawa. Wata abokiyar aikina ta ce in sa lambar cuta I50.22, na duba littafinmu na lambobin cututtuka ban gan ta ba. HMO, wato kamfanin inshorar lafiya mai biyan asibiti, kuma ta dawo mana da takardar neman biya. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Littafinki bai yi ƙarya ba, abokiyar aikinki ma ba ƙirƙirar lambar ta yi ba. Littattafan ne biyu. ICD-10, littafin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, lambobi uku ya ware wa gazawar zuciya: I50.0 idan ruwa ya taru a jiki, wato abin da likitocinmu ke kira CCF, I50.1 idan ɓangaren hagu ne ya gaza, sai I50.9 idan ba a fayyace ba. Ita I50.22 daga ICD-10-CM take, wanda Amurka ta faɗaɗa wa kanta ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015. A can, idan tsokar zuciya ta kasa matsewa ta tura jini, ana raba abin huɗu: I50.20 ba a bayyana ba, I50.21 ya taso farat ɗaya, I50.22 ya daɗe, I50.23 daɗaɗɗe ne ya sake tashi. Da yawa daga cikin lambobin da ake kwafowa daga intanet na Amurka ne. Saboda haka ki fara tambayar HMO ɗin da wane littafi manhajarsu ke aiki, kuma su ba ki amsa a rubuce.

Sai batun kashi 30. Gaskiya ne idan abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya kai kashi 40 ko ƙasa, likitocin zuciya suna kiransa HFrEF, kuma shi ne gazawar matsewa. Amma ba ke za ki yanke wannan hukunci daga takardar eko ba. Lamba bayan biron likita take bi. Ki ɗauki foldar ki same shi bayan ya gama zagayen marasa lafiya, ki ce: "Dokta, wannan CCF ɗin wane iri ne, kuma mene ne ya jawo shi?" Ya rubuta da hannunsa, ya sa kwanan wata. Wasu likitocin suna ɓata rai idan ma'aikacin rekod ya dawo musu da folda, ki yi haƙuri da su, layi ɗaya ne kawai.

Inda na fi zargin takardarku ta samu matsala shi ne hawan jinin. Idan hawan jini ne ya gajiyar da zuciya, babbar lamba ita ce I11.0. A tsarin Amurka ma da zarar an rubuta hawan jini da gazawar zuciya tare, ana ɗauka suna da alaƙa sai in likita ya ce babu, sannan a bi I11.0 da lambar I50 da ta dace. Idan ciwon ƙoda mai daɗewa ya shigo, a koma rukunin I13. A Kano kuma za ki riƙa ganin masu jego da zuciya ta kumbura ta yi rauni bayan haihuwa, domin ciwon ya yi yawa a arewacin Najeriya. Su lambarsu O90.3 ce, a babin ciki da haihuwa.

Kada ki ɗauka lamba mai tsawo tana ƙara kuɗi. A Amurka haka ne, domin ana biyan kwanciya gwargwadon rukunin cuta da tsananinta. A nan, ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, asibitin matakin farko kuɗin wata yake karɓa bisa yawan mutanen da ke rajista da shi, aikin mataki na biyu irin eko da ganin likitan zuciya kuma ana biya ɗaya bayan ɗaya bisa jadawalin farashi, bayan an samu lambar amincewa daga HMO. Aikin lambar cuta shi ne ta nuna dalilin da ya sa aka yi eko, aka ba da gado, aka yi allurar furosemide mai fitar da ruwa daga jiki.

Kafin ki sake turawa, ki duba an karɓi lambar amincewa kafin a yi eko ko bayan an yi, ki haɗa kwafin sakamakon da takardar sallama, ki tabbata cutar da ke takardar sallama ita ce ke takardar neman biya. Sabon littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a watan Janairun 2022 ya ware wa irin wannan gazawa lamba tata, BD11.2, amma kada ki sa ta sai mai biyanku ya sanar da cewa ya koma amfani da ICD-11.