Tambaya da Amsa: An sa ni a tseren karɓa-karɓa na kan tsaunuka, wane zango zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Sheffield ta ƙasar Ingila, gudun titi na saba yi, ina gama kilomita 10 cikin minti 44. Kwanan baya na shiga kulob ɗin masu gudun tsaunuka, yanzu kyaftin ya ce zai sa ni a tawagar tseren karɓa-karɓa na watan Oktoba, har ya ce in zaɓi zangon da nake so. Ban taɓa tsere a kan dutse ba. Yaya tsarin yake, wanne zan zaɓa, me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Minti 44 ɗin nan gudu ne mai kyau, amma ka ajiye shi gefe tukuna, domin ba da shi za ka zaɓi zango ba. A irin wannan tsere abubuwa uku ne suka fi kayar da tawaga: ɓatan hanya, rabuwar abokan gudu, da rashin cikar kaya. Babu ɗayansu da saurin ƙafa ke magancewa.

Idan babbar gasar Birtaniya ce ake nufi, wadda ake yi kowace Oktoba ana sauya mata wuri, tawaga mutum shida ce, zango huɗu. Zango na ɗaya mutum ɗaya ne, gajere. Na biyu mutum biyu ne, shi ya fi tsawo da hawa. Na uku shi ma mutum biyu, amma na neman hanya ne: ba a faɗa muku inda za ku bi, sai kun tashi sannan a miƙa muku taswira mai ɗauke da tashoshin da za ku taɓa, ku ku san yadda za ku isa gare su. Na huɗu mutum ɗaya ne ya kawo tawaga gida. Akwai kuma Hodgson Brothers Mountain Relay da ake yi a Patterdale ta yankin Lake District a farkon Oktoba, mutum takwas, zango huɗu, kowane zango bibbiyu. A Yorkshire ta Yamma akwai Calderdale Way Relay, wajen kilomita 80, mutum goma sha biyu a zango shida, kuma ita ta fi sauƙi ga sabon shiga tunda yawancinta hanyar ƙafa ce sananniya, sai dai ba a Oktoba aka saba yin ta ba. Ka tambayi kyaftin wacce ce daga ciki, ka karanta sharuɗɗan masu shiryawa, don wasu kan nemi shaidar cewa mutum ya taɓa yin tseren dutse kafin su karɓe shi.

Zangon neman hanya ba naka ba ne bana, ko da an ce abokinka zai riƙe taswira. In ya yi targaɗe a cikin hazo, kai ne za ka fito da ku, ko ka faɗa wa masu ceto daidai inda kuke. Na ɗaya da na huɗu galibi an kafa musu tutoci, don haka su ne kan ja hankalin ɗan titi. Na ɗaya yana da cunkoso, kowa ya tashi lokaci guda, sabon shiga kan kwashi gudu a kilomita ta farko ya ƙone kafin rabin hawa. A ganina abin da ya fi maka shi ne ɗayan biyu: zango na huɗu, ko zangon bibbiyu tare da gogaggen ɗan kulob wanda ya ɗan fi ka, ba wanda ya ninka ka ba.

Kada nisan da aka rubuta ya ruɗe ka. Ƙungiyar Fell Runners Association, wadda aka kafa a 1970, tana rarraba tsere gwargwadon hawa: rukunin A aƙalla mita 50 na hawa a kowace kilomita, B mita 25, C mita 20. Lissafin da masu gudun dutse ke yi shi ne kowace mita ɗaya ta hawa a ƙirga ta kamar mita takwas a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Zango mai kilomita 12 da hawan mita 800 ya zama wajen kilomita 18 ke nan, tun ba a sa taɓo da duwatsu a lissafi ba.

Gudun bibbiyu shi ne inda ake yawan samun matsala, don haka bari in daɗe a nan. Doka ita ce ku kasance tare tun daga tashi har miƙawa, ku taɓa kowace tasha tare. Jami'in da ke zaune a ƙololuwa in ya ga ɗaya ya iso shi kaɗai, ɗayan yana can ƙasa, zai rubuta lambarku, kuma ana iya soke tawagar gaba ɗaya, da wahalar sauran mutum huɗu ko shida da ba su ji ba su gani ba. Lokacinku na mai rauni ne a cikinku, saboda haka aikin mai ƙarfi shi ne ya rage wa ɗayan wahala. A hawa, mai rauni ya shiga gaba ya saita tafiyar. In mai ƙarfi ne a gaba zai riƙa buɗe tazara bai sani ba, na baya ya yi ta bi har numfashi ya ƙare masa. A inda iska ke bugowa ta gaba sai a juya, mai ƙarfi ya tare ta. Shi ne kuma zai riƙe ɗan maɓallin lantarkin nan na SportIdent da ake tsomawa a na'urar kowace tasha, shi zai buɗe ƙofar shingen makiyaya ya rufe, shi zai duba taswira yayin da ɗayan ke haki. Jakarka dai kai za ka ɗauka, kayan dole na kowa a jikinsa suke zama.

Ku yi magana tun kafin ranar. In ka ji ƙafa ta fara nauyi ka faɗa nan take, kada kunya ta sa ka yi shiru. Rage gudu kaɗan a minti na talatin ya fi tsayawa cak a minti na saba'in. Sau da yawa ma ƙarfin kan sauya hannu: ɗan titi ya ja a hawa, ɗan dutse ya wuce shi fintinkau a gangara.

Gangara ita ce za ta ba ka mamaki. Sabon shiga kan jingina baya ya riƙa taka birki da dunduniya, cinyoyi su mutu, ga zamewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Gyaran shi ne gajerun taku masu sauri, jiki ya ɗan karkata gaba, hannaye a buɗe don daidaito, ido a kan mita uku ko huɗu da ke gabanka maimakon kan yatsunka. A hawa mai tsauri kuwa tafiya ake yi, hannu a kan gwiwa ana dannawa, har zakaru haka suke yi. Kana da wurin koyo a bakin ƙofa: Burbage da Stanage Edge don sabawa da dutse, hawan Win Hill ta Parkin Clough don tsauri, Kinder Scout mai tsayin mita 636 don taɓo da hazo. Sau biyu a mako na tsawon mako shida zuwa takwas zai sauya maka ƙafa. Ka kuma shiga gajeren tsere ɗaya ko biyu kafin Oktoba, in da hali ku je da abokinka ku bi zangon naku a hankali, in masu shiryawa sun yarda da hakan.

Kayan dole kuwa ana duba su kafin a bar ka ka shiga filin miƙawa: rigar ruwa mai hula a haɗe da wandon ruwa, dukansu masu liƙaƙƙen ɗinki ta ciki, hular sanyi, safar hannu, taswirar hanya, kamfas, usur, da abincin ko-ta-kwana. Mai dubawa zai juya rigar ya ga liƙin. Rigar tare iska kawai ba ta wucewa. Abincin ko-ta-kwana daban yake da wanda za ka ci a hanya, ana so ya dawo tare da kai. Agogon GPS ba a yarda a nemi hanya da shi ba a tseren da ke ƙarƙashin dokokin Fell Runners Association. Takalmi ya zama mai dogayen haƙora, irin Walsh ko Inov-8 Mudclaw da X-Talon, ka ɗaure shi tamau don taɓo na cire takalmi. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana shan ruwa ta riƙe.

Wannan batun sanyi kada ka raina shi. Sanyin hunturun gida busasshe ne, mutum ya lulluɓa ya wuce. Na can jiƙa ne da iska tare, kuma kowane hawan mita 100 zafin iska na raguwa da fiye da rabin digiri. Muddin kana gudu jiki na ɗumama kansa. Haɗarin yana zuwa ne in ka tsaya ko ka koma tafiya a jiƙe. Alamomin su ne kyarma, tuntuɓe ba dalili, magana ta fara harɗewa, hannu ya kasa jan zif. Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshe da zai gane, shi ya sa kowa ke lura da abokinsa. Ka sa rigar tun hannunka na aiki.

Ko zangonka mai tutoci ne ka koyi taswira, domin iska da tumaki na kayar da tuta. A taswirar Ordnance Survey mai ma'aunin 1:25,000 santimita 4 ita ce kilomita ɗaya, kuma a tsaunuka bambancin tsayi tsakanin layin da ke nuna tsayin ƙasa da na kusa da shi mita 10 ne. A taswirar kamfanin Harvey mita 15 ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauka ta ɓangaren da ba shi ba daga ƙololuwa cikin hazo, mutum ya tsinci kansa a wani kwari daban. Daƙiƙa goma na saita kamfas kafin barin kowace ƙololuwa sun isa su hana wannan. Na biyunsa bin rigar da ke gabanka. Mai ita ƙila shi ma ya ɓata, ƙila ma zangonsa daban.

Wurin miƙawa aikin tsari ne. Ka iso da wuri, a duba kayanka, ka zauna cikin babbar riga har a kira lambarku, sannan ka tuɓe ka miƙa wa wani ɗan tawaga. A tseren da zango ke ƙarewa a wani wuri daban, irin Hodgson inda ake miƙawa a mashigar Kirkstone, ku tsara tun daren jajibiri wa zai kai busassun kayanka can, mukullin mota na hannun wa, domin wurin ajiye mota kaɗan ne kuma sabis ɗin waya kan ɗauke a kwaruruwan. In na gabanku sun makara har lokacin da aka yanke ya cika, za a sallame ku tare da sauran da ke jira, a haɗa lokutan daga baya, don haka ka san ƙarfe nawa ne wannan. Ka ci abinci awa biyu zuwa uku kafin lokacin tashinka, ba lokacin tashin tseren ba.

In kuka kasa gamawa, ku sauka tare, ku faɗa wa jami'in tasha mafi kusa, sannan ku je da kanku wurin ƙarewa ku kai rahoto ku mayar da maɓallin. Wanda ya zarce mota bai faɗa ba, masu ceto za su hau dutse nemansa, kuma ana iya dakatar da shi daga tsere. In rauni ne ya hana tafiya, ka sa wa mai raunin duk kayan da ke jakunkunanku, ka busa usur sau shida, ka dakata minti ɗaya, ka maimaita. In akwai sabis ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceton kan dutse kake so, ka karanto musu lambar wurin da kuke daga taswira.