Amsa ga ƙanenmu mai tafiya Liyej: hanyoyin keke da mota ba ta shiga a yankin Arden

(An rubuta wannan murya ne saboda ƴan zauren da ba su samu sauraro ba. An bar yawancin sunayen garuruwa da koguna yadda suke a allunan hanya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Alhaji shugaban zaure da sauran manyanmu, ina gaida abokan hawa na safiyar Lahadi, da fatan an dawo daga Madarumfa lafiya. Na saurari tambayar ƙanenmu da Allah ya ba gurbin karatu a birnin Liyej na ƙasar Beljik, wanda yake son sanin ko gaskiya ne a yankin Arden, mai tuddai da daji da koguna, mutum zai iya hawa kekensa na tsere mai siririyar taya ya yi yini guda bai haɗu da mota ba. Da yake na yi ƴan shekaru a can kafin in dawo gida, manya sun ce in amsa.

Ƙanena, gaskiya aka gaya maka, amma akwai abin da nake so ka riƙe tun daga nan Maraɗi. Hanyoyin da aka hana mota shiga ba su hawan tudu, su kuma tuddan da kake gani a talabijin lokacin tsere suna kan titunan da kowa yake bi. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne asalin hanyoyin. Hukumar yankin Waloniya, wato kudancin Beljik mai magana da Faransanci, ta fara shirin da ake kira RAVeL a shekarar 1995, kuma yau tsawonsa ya haura kilomita 1,400. Ba sababbin hanyoyi aka fasa ba. An ɗauki tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi, aka cire ƙarafan aka zuba kwalta ko siminti, sannan aka haɗa da hanyoyin bakin kogi waɗanda a dā dawakai suke bi suna jan jiragen ruwa da igiya. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, ruwa kuma ba ya hawan tudu, saboda haka duk inda waɗannan hanyoyi suka tarar da dutse sai su kewaye shi, ko su ratsa ta cikinsa, ko su tsallake kwari a kan gada. Mu da ake shimfiɗa mana dogo yanzu daga Kano, abin mamaki ne mu ji cewa wasu har sun gaji da nasu sun bar wa masu keke.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce Vennbahn, kuma a kanta zan fi daɗewa. Tsawonta kilomita 125 ne, kusan nisan nan zuwa Tasawa, daga birnin Aachen na Jamus, ta ratsa gabashin Beljik, ta ƙare a Troisvierges cikin ƙasar Lukzambur. Jamusawa ne suka gina dogon a shekarun 1880, ya yi ta dakon kwal da tama tsakanin yankunan masana'antu. Bayan yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919 ta sa layin ya koma hannun Beljik, har da wuraren da yake ratsa ƙasar Jamus, don haka a kusa da Roetgen da Monschau za ka kasance kana tuƙi a ƙasar Beljik alhali gonar da ke damanka da wadda ke hagunka duk na Jamus ne. Kada dai ka fita ba tare da takardar zamanka ba.

Hawan da ke cikinta ba ya cika wuce kashi 2 cikin ɗari, wato mita 2 a kowace mita 100, amma kada wannan ya ruɗe ka. Daga Aachen za ka yi ta hawa a hankali na tsawon kilomita da yawa har ka kai wajen Sourbrodt, sama da mita 500 daga matakin teku, a gefen fadamar tudu da suke kira Hautes Fagnes, inda wuri mafi tsayi a Beljik yake, Signal de Botrange, mai mita 694. Ido ba ya ganin hawan, cinya ce take ba da labari. Ranar da na fara binta, a watan Mayu, na bar Aachen da rana mai daɗi da riga ɗaya a jikina, ina ganin ai bazara ta shigo. Da na kai saman, hazo mai ruwa ya sauko ya rufe itatuwan, iska ta taso, yatsuna suka sandare har na kasa matsa birki yadda ya kamata. Na tsaya a gindin bangon wata tsohuwar tashar jirgi na cusa hannuwana a hammata, ina kallon wani dattijo da ya girmi mahaifina ya wuce ni a hankali da safar hannu da rigar ruwa, ya ɗaga mini kai. Sanyin hunturunmu na Janairu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe ne, yana shiga har ƙashi. Abu biyu kuma ka sani: garin Monschau yana can ƙasa cikin kwarin kogin Rur, in ka gangara kallonsa sai ka biya da hawa wajen dawowa, sannan dab da ƙarshe, kusa da iyakar Lukzambur, an rufe ramin da jirgi yake bi ta cikin dutse saboda jemagun da suka zauna a ciki, hanyar ta bi ta saman tudun, kuma nan ne za ka nemi ƙaramar giyar keke. Daga Troisvierges akwai jirgin da zai mai da kai Liyej da kekenka, sai dai ka tambayi tikitin keke kafin ka shiga.

Ta biyu tana ɓangaren Faransa, sunanta Trans-Ardennes, tana bin kogin Meuse daga Charleville-Mézières zuwa Givet a bakin iyaka, kilomita 83 ko kusa da haka. Wannan shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Kogin ne yake ta lanƙwasa tsakanin tuddai masu duhun itace, ta Monthermé inda kogin Semoy yake shigowa, da Revin, da Fumay garin masu fasa dutsen rufin ɗaki, kai kuwa kana ƙasa a bakin ruwa kana wuce ƙofofin da ake ɗaga jiragen ruwa da su. Wanda ya saba da Gulbin Maraɗi, da yake cika da damina ya koma yashi da rani, zai daɗe yana kallon kogin da ba ya ƙafewa. Yanki ce ta babbar hanyar keke ta Turai mai suna EuroVelo 19, wadda take bin Meuse fiye da kilomita 1,000 har ƙasar Holan. In ka ci gaba arewa za ka bi ta Dinant ka kai Namur, sai dai tsakanin Givet da Dinant akwai wuraren da dole ka hau titi tare da motoci.

Na kusa da kai kuwa, waɗanda za ka bi bayan an tashi daga darasi, su ne tsohon layin dogo na 38, wanda yake tashi daga Chênée a gefen Liyej ya hau zuwa Herve cikin makiyayar shanu, da hanyar kogin Ourthe ta Tilff da Esneux da Comblain-au-Pont. Ta Ourthe ta fi kyau, amma takan yanke a wasu wurare, kuma kwarin ya sha ambaliya mai tsanani a watan Yulin 2021, don haka bayan ruwa mai yawa ka duba shafin RAVeL a intanet kafin ka fita.

Yanzu sai maganar tuddai, don na san jinin matashi ba zai haƙura da shimfiɗa kaɗai ba. A wannan yanki ake yin tseren Liyej zuwa Bastogne a dawo Liyej, wanda aka fara a 1892. Dabarar da na ga ta fi ita ce ka mai da hanyar da babu mota ta zama gindin tafiyarka, ka riƙa fita daga cikinta ka hau tudu ɗaya ka dawo. Layi na 45 yana bi ta Trois-Ponts da Stavelot da Malmedy har ya haɗu da Vennbahn a Waimes, kuma a Stavelot ɗin, da ka tsallake gadar kogin Amblève, ga tudun Stockeu a gabanka, wanda aka kafa wa Eddy Merckx alamar tunawa a kansa, shi da ya ci wannan tsere sau 5. Akwai kuma La Redoute kusa da Remouchamps, wajen kilomita 2, inda wani wuri hawan yake kusan kashi 20 cikin ɗari. Ba zan ɓoye maka ba, a nan na sauka na tura kekena da hannu, ina taka sunan Philippe Gilbert, ɗan garin da ya ci tseren a 2011, wanda masoyansa suka rubuta da farin fenti a kan kwalta sau ba adadi. Waɗannan ƙananan tituna ne na ƙauye, motocinsu kaɗan ne, ba kamar hanyar Ɗan Isa da manyan motocin dakon kaya ba, amma wuraren shan kwanarsu a rufe suke da itace, kuma wajen gangara ne hatsarin yake.

Ko a inda babu mota, ba kai kaɗai ba ne. An keɓe hanyar ne ga masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu keken guragu, wasu wuraren har da mahaya dawaki, kuma doka ta hana wuce kilomita 30 a awa. Ranar Lahadi da hantsi za ka tarar da iyalai da yara da karnuka a igiya mai tsawo, don haka ka sa ƙararrawa ko da abokan tsere za su yi maka dariya, ka kuma fita da sassafe bayan asuba in kana son gudu. A duk mahaɗar da hanyar ta gitta titi akwai turaku ko shingen ƙarfe, ka rage gudu tun daga nesa. A irin wannan wuri na faɗi a watan Nuwamba, a kan jiƙaƙƙen ganyen da ya zuba ya rufe kwalta, wanda santsinsa ya fi na laka. Tayar gaba ta zame, hular kwano ce ta karɓi bugun. Ka lura da rana kuma, domin a watan Yuni ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 duhu ya yi, saboda haka fitila gaba da baya wajibi ce. Ka ɗauki ruwa da dabino da kayan faci da famfo, don a cikin dajin za ka yi tafiya mai nisa babu shago, babu kuma mai faci a gindin itace kamar nan. Lambar neman agaji a duk ƙasashen huɗu ita ce 112.

Game da keken da ka ce za ka saya can, ka nemi wanda zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28 ko fiye, domin wasu sassan siminti ne mai gaɓa-gaɓa, wasu kuma saiwar itace ta ɗaga kwaltar, ka kuma tabbatar giyar baya tana da babban faranti saboda irin su Stockeu. In ka ga wanda ya kwanta maka a rai, ka turo hotonsa nan zaure mu duba kafin ka biya kuɗi. Allah ya kai ka lafiya, ka gaida Baba da Inna. Wassalamu alaikum.