Asalin kalmar aura da hanyar da ta biyo kafin ta iso bakin yaranmu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce likita ya rubuta miki "aura" a kati saboda walƙiyar da kike gani kafin ciwon ɓarin kai ya taso, sai kuma kika ji ɗanki yana cewa wani ɗan ƙwallo "yana da aura", shi ne kike tambaya ko kalma ɗaya ce, kuma ko gaskiya ne daga sunan zinariya ta fito kamar yadda wani ya amsa miki. Kalma ɗaya ce, amma ba daga zinariya ta fito ba. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da Faransanci, kuma duk mai wannan aiki dole ya riƙa leƙa Latin, harshen Rumawan da, domin ita ce uwar Faransanci, saboda haka na sha karo da wannan kalma ta ƙofofi dabam-dabam.

A Latin, aura iska ce mai laushi, irin wadda ke kaɗa gefen mayafi ba tare da ta tayar da ƙura ba. Su ma Rumawa aro suka yi daga Girkanci, kuma a tsohuwar waƙar Homer, mawaƙin Girkawan da, an yi amfani da ita wajen siffanta sanyin da ke busowa daga kogi gabanin ketowar alfijir. Da ta zauna a bakin Rumawa sai ta yi rassa, ta zama numfashi, ta zama ƙamshin da iska ke ɗaukowa, har ta shiga siyasa, inda suke kiran farin jinin da mai neman mulki ke samu wurin jama'a aura popularis, wato iskar jama'a, wadda yau take kaɗawa gabas gobe ta juya yamma. Abin da ya haɗa waɗannan ma'anoni shi ne abu ne da jiki ke ji amma ido ba ya gani, kuma idan kika riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Akwai labarin da nake ba ɗalibaina don kalmar ta zauna musu. Mawaƙin Rum Obid ya kawo labarin wani maharbi, Kefalus, wanda idan rana ta take ya gaji da farauta yakan kwanta a inuwa yana kiran iska da kalaman lallashi, yana cewa aura ta zo ta sanyaya masa ƙirji. Wani mai tsegumi ya ji, ya ɗauka sunan mace ne, ya kai wa matarsa Furokiris. Kishi ya kwashe ta, ta bi shi daji ta laɓe a cikin ganye don ta ga kishiyar da idonta, shi kuma da ya ji motsi ya zaci dabba ce, ya jefa mashi ya same ta. 'Yan matan ajina kan yi tsaki su ce ita ta jawo wa kanta, amma ban taɓa samun wadda ta manta ma'anar aura bayan wannan labari ba.

Wadda likitanki ya rubuta tsohuwa ce ƙwarai. Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, likitan da aka haifa a shekarar 129 miladiyya a garin Fergamon da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 13 mai farfaɗiya. Yaron ya ce abin yakan fara masa daga ƙwauri, ya hau cinya, ya bi ta gefen jiki zuwa wuya, da zarar ya kai kansa kuma ba ya ƙara sanin inda yake. Da likitoci suka tambaye shi mene ne yake hawan, sai ya kasa faɗa, amma wani saurayi mai irin ciwon ya ce kamar iska ce mai sanyi. Daga wannan kwatance na marar lafiya likitoci suka riƙe kalmar a matsayin sunan duk alamar da ke riga ciwon zuwa, daga baya kuma aka faɗaɗa ta zuwa ciwon ɓarin kai. Shi ya sa ake kiran walƙiyarki aura ko da yake babu wata iska a cikinta. Ƙanwata tana da irin naki, kuma ita takan ce kamar an fasa madubi a gefen idonta, tarwatsin yana rawa yana faɗaɗa na wajen minti ashirin, sannan ciwon ya sauko. Likitoci sun ce yawanci tana ɗaukar minti 5 zuwa 60.

Inda na fi jin daɗin kalmar shi ne a harsunan da Latin ta haifa, domin a can ta sauya kama har ba a gane ta. Sautin "au" na Latin yakan koma "o" a bakin talakawa, sai aura ta zama ore a tsohon Faransanci, ma'ana iska, daga nan aka samu orage. Duk wanda ya saurari hasashen yanayi da Faransanci a Yamai ko Maraɗi da damina ya san orage, hadari ne mai tsawa da walƙiya, wato iskar da ta fara da kaɗa mayafi ta ƙare da yaye rufin kwano. Daga tushen nan ne kuma aka sami essorer, wanda asalinsa baza abu a iska, yanzu kuma yake nufin matse wanki, kuma daga tsohuwar siffarsa Ingilishi ya ɗauki soar, tashin tsuntsu can sama. Mutanen Sifen suna cewa orear idan za a bar abu ya sha iska. A arewacin Italiya, iskar da ke busowa daga kudu da rana a tafkin Garda har yau sunanta Ora, kuma mawaƙinsu Fetrarka na ƙarni na 14 ya yi ta wasa da l'aura, iska, da Laura, sunan matar da yake wa waƙa, tunda a kunne ba su da bambanci.

Wadda ta sa na ajiye ƙamus na yi shiru ita ce orate, sunan da Sifaniyanci ke kiran mahaukaci, wanda ya aro daga orat na harshen Katalan, ma'ana wanda iska ta taɓa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhi a nan, tunda iskar da ke kaɗa bishiya da iskokin da ake cewa sun shafi mutum suna ɗaya muke ba su, kamar yadda rihu da ruhu suka fito daga saiwa ɗaya a Larabci. Babu wanda ya ari na wani, tunani ne ya zo ɗaya.

Batun zinariya kuwa, wanda ya amsa miki yana da uzuri. Zinariya a Latin aurum ce, shi ya sa alamarta a kimiyya take Au, alfijir kuma aurora, kunne auris. Waɗannan uku gadon Latin ne, aura kuwa baƙuwa ce daga Girka, duk da cewa wasu masana suna ganin idan aka yi nisa baya sosai tana iya haɗa kaka da kalmar alfijir. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne da'irar hasken da masu zanen coci ke yi a kan waliyyansu, wadda ake kira aureola, ita kam daga zinariya take. A ganina kusancin sautin ya taimaka wajen mayar da aura abin gani, musamman daga farkon ƙarni na 20, lokacin da wasu masu harkar ruhaniya a Turai suka yi ta da'awar cewa kowane mutum yana da haske mai launi kewaye da jikinsa. Babu gwajin kimiyya da ya tabbatar da wannan, amma kalmar ta samu kasuwa.

Ta ɗanki ta fi kusa da ta Rumawa fiye da ta masu launi. Abin da yake nufi kwarjini ne, wanda ake ji idan mutum ya shigo wuri ba tare da an iya nuna shi da yatsa ba. Matasa a TikTok har maki suke ba shi, kuma a 2025 furucin aura farming, wato noman kwarjini, ya shiga jerin ukun ƙarshe na kalmar shekara ta masu ƙamus ɗin Oxford. Ni dai ban ga abin da aura ta fi kalmarmu ta kwarjini da shi ba.

Sai a kula da masu kama da ita waɗanda ba dangi ba ne. A Faransanci il aura yana nufin "zai samu", daga aikatau avoir. A harshen Finlan aura garma ce, a Kuba kuma sunan wata ungulu ce. Tamu ta Hausa ma tana nan, wadda ba ta haɗa komai da Latin ba. Shekarar da na fara koyarwa na rubuta elle aura a allo na ce a fassara, wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ya ce, "Malam, za ta yi aure." Na ba shi rabin maki, domin ya gane cewa aikin bai faru ba tukuna.