Faifan birki mai huda ko shafaffe: wanne ya dace da motar yau da kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙaramar mota ce da ni, ta zuwa aiki da kai yara makaranta. Kwanan nan idan na taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa, bakanike ya ce faifan birkin gaba ya cinye. Masu kayan gyara sun nuna mini iri uku: shafaffe, mai huda-huda, da mai tsaga-tsaga, kuma sun ce mai hudar ya fi kamawa. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sayi shafaffen, amma mai kyau, daidai girman da kamfanin motarka ya sa.

Aikin faifai shi ne ya shanye zafi. Duk gudun da ka tsayar, zafi yake komawa tsakanin fatar birki da faifan, shi ya sa ake yin sa da ƙarfen zubi mai nauyi. Hudar ta samo asali ne daga motocin tsere na da, lokacin da fatar birki ke fitar da iska idan ta ɗau zafi, sai aka huda faifan don iskar ta samu mafita. Fatar zamani ta kusan rabuwa da wannan matsala. Abin da ya rage wa hudar shi ne ado, tare da ɗan saurin korar ruwa. Kowace huda kuwa ƙarfe ne aka cire, kuma daga bakinta tsagewa ke farawa. Duba tsohon faifai mai huda da ya sha wuya, za ka ga 'yan layuka sirara kamar gashi suna fita daga ramukan. Mai tsaga ya fi shi juriya, yana da amfani ga mai jan kaya ko mai yawan sauka gangare, sai dai yana cin fata da sauri, wani lokaci kuma yana gurnani.

Batun kamawa kuma, idan birkin motarka na iya tayar da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, to ƙarfinsa ya riga ya wuce riƙon taya. Daga nan taya ce ke yanke nisan tsayawarka. Kuɗin da za ka ƙara wa huda, gara ka zuba shi a taya da fatar birki masu kyau.

Wajen saye, ka ba su lambar shasi mai harufa da lambobi 17, domin mota iri ɗaya kan zo da faifai masu girma daban. Idan na gabanka mai ramin iska ne a tsakiya, irinsa za ka mayar, don gaba ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Kamfanoni irin su Brembo, ATE, Bosch da TRW suna yin shafaffe mai inganci, kuma alamar ECE R90 na nuna an gwada kayan bisa ƙa'idar Turai. Mai fentin hana tsatsa ya cancanci ɗan ƙarin da ake yi masa. A sauya biyu tare, hagu da dama, da sabuwar fata. Sabon faifai da tsohuwar fata ɓata kuɗi ne.

Kafin nan, ka sa a auna tsohon a gabanka. A jikinsa an buga MIN TH da wata lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Sau da yawa milimita 2 ne kacal tsakaninsa da sabo, misali 25 zuwa 23.

Karkarwar nan ita ta fi damuna, domin tana iya dawowa ko da ka sayi faifai mafi tsada. Akan ce faifan ya lanƙwashe, amma galibi kaurinsa ne ya daina zama ɗaya a zagaye, kuma daga ɗauri matsalar ke tasowa. Ɗan ɓurɓushin tsatsa a mazaunin faifan ya isa ya karkatar da shi, alhali karkatar da ake lamunta ba ta wuce kusan milimita 0.05 ba. Ka tsaya a kan bakanikenka ya goge mazaunin da buroshin waya har ƙarfe ya yi fes, ya wanke man da ke jikin sabon faifan, ya tabbatar sandunan kalifa, wato abin da ke matse fata a jikin faifan, na zamewa, sannan ya ɗaure notin taya a gicciye da sufana mai awo, ba da bindigar iska ba.

Bayan an ɗaura, nemi hanya mara cunkoso. Ka kai gudun kilomita 60, ka taka a tsanake har ka sauko wajen 10, ka saki, ka maimaita kamar sau takwas zuwa goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiya kaɗan faifan ya huce. Kada ka tsaya da ƙafa a kan birki yana da zafi, fatar kan bar shaidarta a wuri ɗaya. A kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji taka shi da ƙarfi sai in dole ta kama.