Tambaya da Amsa: Sikirif ɗina yana cewa MySQL na aiki, alhali ta mutu

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Ni ke kula da sabar Ubuntu ta wata makaranta a Unguwar Rimi. Na rubuta sikirif da cron (mai tayar da ayyuka a kan lokaci) ke tayarwa duk minti 5 don ya duba MySQL, manhajar ajiyar bayanai, da `ps aux | grep mysqld`. Ko na kashe ta da hannuna, sai ya ce tana nan lafiya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai grep ɗin, mai neman kalma a cikin rubutu, shi ne ke ganin kansa. Lokacin da ps ke jero abubuwan da ke gudana, shi ma grep yana cikin jerin, kuma kalmar mysqld na cikin umarninsa. Don haka kullum sai ya samu layi ɗaya. Wasu na rubuta `grep [m]ysqld` su kauce wa wannan. Yana yi, amma faci ne. Ga abin da ya fi:

`if pgrep -x mysqld > /dev/null; then echo "tana aiki"; else echo "ta tsaya"; fi`

pgrep na mayar da 0 in ya samu, 1 in bai samu ba, kuma wannan lambar ce `if` ke dubawa, ba rubutun allo ba. Kada ka bar `-x`. In babu shi, kuma ka raɗa wa fayil ɗinka suna duba_mysqld.sh, pgrep zai kama sikirif ɗin da kansa, ka koma gidan jiya. Sannan Linux haruffa 15 kawai yake riƙewa na sunan manhaja. In ya wuce haka sai `-f`, mai duba layin umarnin gaba ɗaya.

Tunda systemd, mai kula da sabis-sabis a Ubuntu, ne ke tayar da MySQL, shi ya kamata ka tambaya:

`systemctl is-active --quiet mysql || systemctl restart mysql`

Lura: a Ubuntu sunan sabis ɗin mysql ne, babu d a ƙarshe. A crontab na root za ka sa shi, in ba haka ba restart zai ƙi.

Masu ajiye lambar PID (lambar da Linux ke ba manhajar da ke gudana) a fayil su gwada da `kill -0` su yi hattara, musamman a nan da ɗauke wuta ba ya sallama. In saba ta mutu bagatatan, fayil ɗin zai tsira muddin ba a /run yake ba, kuma bayan kunnawa wata manhaja daban na iya gadar lambar.

Kuma ganin ta a jeri ba ya nufin tana amsa kira. Ƙara `mysqladmin ping` ka tabbatar.

Tambaya: A Windows fa, Malam? Shagon buga takardu nake da shi a Kawo.

Amsa: Misali don duba Microsoft Word, a fayil ɗin bat rubuta `tasklist /FI "IMAGENAME eq winword.exe" | find /I "winword.exe"`, sannan `if errorlevel 1 echo ba ya aiki`. Dole a haɗa da find, domin tasklist shi kaɗai 0 yake mayarwa ko bai ga komai ba.