Tsakanin Cliff, Jason da Rob: kada a taka Jason don a ɗaga wani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce kwanan nan ka fara sauraron Metallica, ƙungiyar mawaƙan rok ta Amurka, kana son sanin wa ya fi iya jitar bes tsakanin Cliff Burton da Jason Newsted da Robert Trujillo, kuma ko gaskiya ne abin da ake faɗa cewa ƙungiyar ta ƙare tun ranar da Cliff ya mutu. Na ga yawancin masu amsawa "Cliff" kawai suke rubutawa su wuce. Ni ma in aka matsa mini shi zan ce. Amma na fi shekara ashirin ina kaɗa bes, kuma zalunci ne yadda ake yi wa Jason a irin wannan hira.

Da farko, su huɗu ne ba uku ba. Ron McGovney ne ya fara riƙe musu bes a 1982, lokacin suna Los Angeles, sai dai ya bar su kafin su fitar da albam. A shekarar ne James Hetfield, mawaƙinsu mai jita, da Lars Ulrich, mai gangarsu, suka ga Cliff yana wasa da wata ƙungiya mai suna Trauma, suka nace sai ya dawo wurinsu. Ya ce sai dai in su ne za su tattara su koma yankin San Faransisko inda yake, kuma suka koma. Ka ji irin darajarsa a idonsu tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ya sa Cliff ya yi fice ba saurin yatsu ba ne kaɗai. Mutumin ya san ilimin kiɗa, yana sauraron Bach, ya san yadda ake jera sautuka biyu ko uku su tafi tare ba su yi karo ba. Ka saurari albam ɗin Kill 'Em All na 1983, sannan ka sa Ride the Lightning na 1984, za ka ji kamar ba mutane ɗaya ba ne, kuma hannun Cliff na cikin wannan canjin sosai. Lokacin da na fara jin mabuɗin For Whom the Bell Tolls a kaset ɗin wani yayana, na yi rantsuwa jitar gaba ce. Sai da na ga bidiyon wasansu na ga Cliff ne, ya hau can ƙarshen wuyan bes ɗin, ƙafarsa a kan fedar wah-wah mai lanƙwasa sauti, gashi ya rufe masa fuska. Na yi wajen wata biyu ina bin wannan layin, manunina da ɗan tsakiya suka yi bororo suka fashe, domin da yatsu yake kaɗawa, ba da 'yar robar nan da ake kira fik ba. Sai kuma kiɗan Orion, a albam ɗin Master of Puppets na 1986. Ka sa abin ji a kunne, ka jira tsakiyarta inda komai ya lafa bes ya fara tafiya a hankali shi kaɗai. Har yau in na zo wurin nan sai na ajiye abin da nake yi.

Ranar 27 ga Satumba 1986 motarsu ta kife a kusa da Ljungby, ƙasar Swidin, Cliff ya mutu yana da shekara 24. Albam uku kacal ya bari. Ba mu ga tsufansa ba, ba mu ga ranar da zai yi abin da ba mu so ba, shi ya sa ba wanda zai iya gasa da shi.

To a nan Jason ya shigo, kamar wata guda bayan mutuwar Cliff. A tsohuwar ƙungiyarsa, Flotsam and Jetsam, shi ne jagora, shi ke rubuta yawancin baitoci. Ya baro inda yake sarki ya zo cikin mutanen da ke makoki, kuma su kansu sun amsa daga baya cewa a kansa suka huce baƙin cikinsu. Ranar da na sayi ...And Justice for All na 1988, na ɗauka sifikata ce ta lalace, har na kai ta wurin mai gyara, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Bes ɗin ne babu. Dalili biyu ne. Jason yana bin jitar James sawu da ƙafa, ita kuma jitar an cika ta da ƙasan sauti har ta cinye wurin bes. Na biyu, Steve Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa sautin albam ɗin, ya faɗa a fili cewa Lars ne ya sa a rage bes ɗin. Da aka sake fitar da albam ɗin a 2018 ma ba a gyara wannan ba. To yaya za a auna mutum da aikin da aka binne? Ka nemi waɗanda masoya suka ɗaga bes ɗin a YouTube, ka ji Blackened, wadda ma shi ya kawo kiɗan da aka gina ta a kai. Hannun damansa kamar inji, ba ya kuskure ko ɗaya.

Mutane na raina masu kaɗawa da fik, wai aikin malalata ne. Wanda ya faɗi haka ya gwada bugun ƙasa zalla a wannan saurin na minti shida, ya ji yadda tsintsiyar hannunsa za ta yi. Fik yana ba da kaifin da yatsu ba sa bayarwa, kuma shi ya dace da albam ɗinsu baƙi na 1991, inda furodusa Bob Rock ya fito da bes ɗin fili. Ka ji Sad but True, ka ji mabuɗin My Friend of Misery. Amma in kana son sanin Jason na gaske, bidiyon Seattle na 1989 da na Mosko na 1991 za ka kalla. Muryarsa a bayan ta James a Creeping Death, wallahi har yau ba su sami wanda ya cike wannan gurbin ba. Shekara 14 ya yi da su, waƙa uku kawai aka sa sunansa a cikin marubuta. Ya tafi a Janairun 2001, bayan an hana shi fita da aikinsa na gefe, Echobrain, ga kuma wuya da ya lalace saboda kaɗa kai.

Rob ya zo a 2003, daga ƙungiyar Suicidal Tendencies da tawagar mawaƙi Ozzy Osbourne. Kada ka ɗora masa laifin albam ɗin St. Anger, Bob Rock ne ya kaɗa bes a can. In maganar hannu ce zalla, a ganina ya fi su duka. Yana kaɗa waƙar Battery da yatsu a cikakken saurinta, yana da lanƙwasar salon kiɗan fank da sauran biyun ba su da ita, kuma yanzu ya fi kowannensu daɗewa a ƙungiyar. Abin da ke damuna shi ne ba kasafai ake ba shi fili ba. Wanda ya ji shi a ƙungiyar Infectious Grooves ya san ko rabin abin da ya iya ba mu ji a Metallica ba, in ban da wurare kamar mabuɗin ManUNkind.

Batun ko sun ƙare kuwa, a'a. Sun canza, kamar yadda suka canza a 1983 da aka sallami mai jitar gaba Dave Mustaine aka kawo Kirk Hammett a madadinsa. Ka nemi bidiyon shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwarazan kiɗan rok, a 2009. Mahaifin Cliff, Ray Burton, ya hau ya yi magana a madadin ɗansa, sannan Jason da Rob suka tsaya a dandamali ɗaya suna kaɗa Master of Puppets, ɗaya da fik ɗaya da yatsu. Ka kalli hannayensu da kyau, ka dawo ka faɗa mana abin da kunnenka ya ji.